Uwa Mai Ciyarwa, Uwa Mai Shanyewa: Demita ta Girkawa da Inna ta Hausawa

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna damun masu nazarin addinai akwai tambayar abin da ya sa al'ummomin da suka rayu a kan noma, waɗanda ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba, suka riƙa ɗaukar ikon da ke fitar da tsiro daga ƙasa a matsayin mace, kuma uwa, sannan suka jingina wa uwar nan yunwa da cuta kamar yadda suka jingina mata ƙoshi da haihuwa. Girkawan dauri suna da Demita, abar bautarsu mai kula da hatsi, Hausawan da suka gabaci Musulunci kuma, da Maguzawan da suka ci gaba da riƙe al'adar kakanninsu bayan zuwansa, suna da Inna. Ba a kwatanta su don ɗaya ta fito daga ɗaya ba, a'a, sai don kowace ta zama amsar da mutanenta suka bai wa matsala iri ɗaya, kuma ƙarshen da kowace ta yi ya sha bamban da na ɗayar. Ƙasar Zazzau wuri ne da ya dace da wannan nazari, domin a tsakanin dutsen Kufena da gonakin gwaji na Samaru da kasuwar Sabon Gari ana iya ganin amsoshi uku da aka bai wa matsalar, wato amsar gargajiya da ta Musulunci da ta ilmin zamani, suna zaune kusa da juna.

Labarin Demita ya zo da cikakkiyar siffarsa a wata doguwar waƙar yabo da aka tsara wajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda Girkawa suka jingina wa mawaƙinsu Homa. A cikin labarin, Demita 'yar'uwar Zeyus ce, wanda suke ɗauka shugaban abubuwan bautarsu, tana kuma da 'ya mai suna Fasifoni, wadda wata rana tana tsinkar furanni ƙasa ta tsage, Hedis sarkin duniyar matattu ya fito ya sure ta da yardar Zeyus. Uwar ta yi kwana tara tana yawon nema da jiniya a hannu, ba ci ba sha, har rana ta faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, sai ta yi fushi ta ɓad da kama ta koma tsohuwa, ta sauka a garin Elusis, inda ta zama mai raino a gidan sarki. Daga baya ta hana iri fitowa shekara guda cur, shanu suna jan garma a banza, har ya zama 'yan Adam na gab da ƙarewa, abubuwan bauta kuma na gab da rasa masu yi musu yanka. Wannan ne ya tilasta wa Zeyus ya sa a dawo da yarinyar, amma da yake ta riga ta ci ƙwayar rumman a can, sai aka yi sulhu a kan ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara a ƙarƙashin ƙasa, saura kuma tare da uwarta.

Girkawa ba su ɗauki wannan a matsayin tatsuniyar dare ba, domin a kansa suka gina ibadu masu nauyi. Akwai bikin Tesmoforiya, wanda matan aure kaɗai ke yi na kwana uku a lokacin shuka, inda ake jefa 'ya'yan aladu cikin ramuka a bar su su ruɓe, sannan wasu mata su sauka su kwaso ragowar a ɗora bisa wurin yanka, a gauraya da iri don neman albarkar gona. Akwai kuma asiran Elusis, mai nisan kimanin kilomita 20 daga birnin Atina, inda dubban mutane, maza da mata har da bayi, ke tafiya a ƙasa kowace shekara don a shigar da su cikin wani sirri da aka haramta faɗarsa, bisa fatan samun kyakkyawar makoma bayan mutuwa. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa hukumar Atina ta kafa dokar da ta wajabta a kai wa Elusis kashi ɗaya cikin 600 na sha'ir da kashi ɗaya cikin 1200 na alkama daga amfanin shekara. Tsoro kuwa bai rabu da wannan girmamawa ba, domin suna ba da labarin wani mai suna Erisikton da ya sare itatuwan kurminta, ta sa masa yunwar da ba ta ƙoshi, ya cinye dukiyarsa kaf, a ƙarshe ya koma cin naman jikinsa.

A ƙasar Hausa, tushen addinin gargajiya shi ne yarda da iskoki, wato halittun ɓoye masu sunaye da halaye da dangantaka irin ta mutane, waɗanda ake cewa suna zaune a duwatsu da kukoki da tsamiyoyi da rijiyoyi da suri. Masanin tarihi Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun kafa ta a Samaru a 1962, ya kawo ra'ayin cewa manyan duwatsu irin su Dala a Kano da Kufena a Zazzau sun jawo jama'a ne saboda ruwa da ƙasar noma da tsaro, da kuma ɗaukar su da aka yi mazaunin manyan iskoki, kuma daga irin waɗannan matsugunai birane suka tsiro. A cikin taron iskokin nan Inna na da matsayi na daban. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya same ta cikin manyan iskokin da ake yi wa yanka a gidajensu. Ana kiranta Bafilatana, ana kuma haɗa ta da Doguwa, wadda ake rabawa fara da baƙa, ta gida da ta daji, kuma ana ɗaukarta mai gadin gona da dukiya, wadda ke kama ɓarawo ta kumbura masa ciki. A masarautar Gobir kuwa sunan ya zama sarauta, domin Inna ita ce babbar mace ta gidan sarauta mai shugabantar 'yan bori, kuma sarautar ta ci gaba a Tsibiri kusa da Maraɗi bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Hanyar hulɗa da iskoki iri biyu ce, akwai tsafin gida, inda maigida ke yanka wa iskan da ya gada dabbar da ta dace da shi kafin shuka ko bayan girbi, akwai kuma bori, inda iska ke hawan mutum ya yi magana da bakinsa. A dandalin bori masu garaya ko goge suna kaɗa taken kowane iska dabam, masu buta suna karkaɗawa, mata na kiɗan ƙwarya, har wanda ake kira doki, ko goɗiya idan mace ce, ya fara gumi da makyarkyata, idanunsa su juye, ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai, a yafa masa tufafin iskan da ya hau shi, masu buƙata su matso su durƙusa su faɗi damuwarsu, a gaya musu abin da za su bayar, in an gama kuma iskan ya sauka da atishawa. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce iskan da ya sa cuta shi ne mai maganinta, kuma cutar da aka fi sanin Inna da ita ita ce shanyewar ƙafa ko hannun yaro, wadda har yau likita da malami da mai talla duk suke kira shan inna, bisa tsohuwar fahimtar cewa ita ce ta shanye gaɓar.

Tun a cikin Girkawa an sami waɗanda suka tuhumi irin wannan tunani. Zenofanis, wanda ya rayu a ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura da cewa kowace al'umma tana siffanta abubuwan bautarta da kamanninta, ya kuma zargi mawaƙa da jingina musu sata da zina da yaudara. Bayansa Furodikus ya ce mutanen farko sun ɗauki duk abin da ke amfanarsu ne suka mai da shi abin bauta, ta haka gurasa ta zama Demita, ruwa ya zama Fosaidon. Wannan bayani yana da ƙarfi, amma rabin al'amarin kawai ya kama, domin da godiya ce kaɗai ta haifi Demita da Inna, da ba a ba su fuskar fushi ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne manomi ya dogara ne da abin da ba shi da iko a kansa, wanda yakan ba shi bana ya hana shi baɗi ba tare da wani dalili da yake gani ba, kuma dogaro mafi tsanani da ɗan Adam ya taɓa sani shi ne dogaron jariri ga uwarsa, wadda a hannunta ƙoshi yake, a hannunta kuma hani yake. Idan fari ko annoba ba su da fuska, ba yadda za a yi da su sai zuba ido, amma idan fushin wata uwa ne, to akwai laifin da aka yi, akwai haƙurin da za a bayar, akwai akuyar da za a yanka. Saboda haka uwar hatsi dabara ce ta mai da abin da ba ya jin magana ya zama wanda za a iya lallashi, kuma muguntar da aka jingina mata ita ce ainihin amfaninta ga masu bauta mata.

Musulunci ya tunkari wannan dabara ta wajen tushenta. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata, abubuwan bauta mata na Larabawan jahiliyya, a Suratun Najmi, ya bayyana su da cewa sunaye ne kawai da mutane da iyayensu suka ƙirƙira. A Suratul An'am ya soki masu ware wani kaso na amfanin gona da dabbobi ga abokan tarayyar da suka riya, a Suratul Waƙi'a ya tambayi manomi ko shi ne ke fitar da abin da ya shuka, a Suratul Jinni kuma ya nuna cewa masu neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da ruwan da aka yi a Hudaibiyya ya raba tsakanin wanda ya jingina ruwan sama ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Abin lura shi ne Musulunci bai musanta samuwar halittun ɓoye ba, abin da ya kore shi ne mallakarsu ga amfani da cutarwa, da cancantarsu ga yanka da roƙo. A nan makomar Demita da ta Inna suka rabu. Bautar Demita ta mutu bayan da sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta ibadun gargajiya a 392 Miladiyya, mayaƙan Alarik kuma suka lalata Elusis a 396, ta koma abin karatu a littattafai da gumaka a gidajen tarihi. Inna kuwa ta sami gurbi a cikin sabon tsari, domin an sauke ta daga matsayin abar bauta an mai da ta aljana, aljani kuma abu ne da Musulmi ya yarda akwai shi.

Wannan gurbi ne ya haifar da gardamar da ta fi kowace zafi a tarihin ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya kasa mutanen ƙasar gida uku, Musulmi na gaskiya, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da masu gaurayawa, waɗanda suke salla da azumi amma suna yanka wa itatuwa da duwatsu. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, a wasiƙun da ya yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, ya yi jayayya da cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne da jahilci da ake samu har a ƙasashen Musulmi irin su Masar, ba dalilin kafirta jama'a da yaƙarsu ba ne. Jihadin da ya fara a 1804 ya iso Zazzau a 1808, lokacin da Malam Musa ya karɓi birnin, Sarki Makau ya yi kudu, amma canjin sarauta bai kawar da abin da ke cikin ɗakunan mata ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta gane cewa hani kaɗai ba ya isa, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato mata malamai masu zagaya ƙauyuka da waƙoƙin koyarwa, suka tsaya a gurbin da shugabannin bori mata suke tsayawa a da. Duk da haka, Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a 1949 zuwa 1950, ta nuna bori yana nan daram cikin rayuwar matan aure Musulmi na ƙasar Zazzau, musamman wajen rashin haihuwa da mutuwar 'ya'ya.

A fagen noma kuwa Musulunci ya kawo abu biyu da suka ci gurbin Inna. Na farko zakka ce, wadda ta karɓi tsohuwar fahimtar cewa amfanin gona ba na manomi ne shi kaɗai ba, amma ta juya akalar kason, maimakon a kai shi wurin tsafi sai a miƙa wa matalauci, kashi ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi ɗaya cikin 20 ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala. Na biyu shi ne koyarwar malaman tauhidi game da sababi, wato abin da aka saba ganin wani abu na biyo bayansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Imam Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun koyar da cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, ruwa ba ya tsirar da iri da ikon kansa, Allah ne ke halittar sakamako a daidai lokacin da sababin ya samu, bisa al'adar da ya gudanar. Wannan koyarwa ta kwashe iko daga hannun kowace halitta, ta kuma bar ƙofar bincike a buɗe, domin idan akwai al'ada tabbatacciya a cikin halitta, to sanin ta da aiki da ita ba ya karo da tawakkali, kamar yadda hadisin ɗaure raƙumi kafin dogara ga Allah ya nuna.

Samaru ita ce inda wannan bincike ya zauna da gindinsa a Arewa. Tashar binciken aikin gona da aka kafa a can a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta shafe shekaru tana auna ruwan sama, wanda a yankin yakan kai kimanin milimita 1000 a shekara tsakanin Mayu da Oktoba, tana nazarin ƙasa da ƙwari da ƙuduji mai shanye dawa da masara tun daga saiwa, tana kuma fitar da irin dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga masu ɗauke da sunan Samaru a farkon sunayensu. A Sabon Gari, wanda ya tashi da zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910, manomin da ganyen masararsa ya yi rawaya yakan tsaya gaban mai shagon kayan noma ya kwatanta abin da ya gani, a tambaye shi yaushe ya shuka, wane taki ya zuba, sau nawa, sannan a auna masa abin da kuɗinsa za su iya saye. Da wuya a ji sunan Inna a wannan ciniki, kuma ba wa'azi kaɗai ne ya fitar da ita daga gona ba, taki da ingantaccen iri sun yi nasu aikin, domin sakamakonsu abu ne da ake gani a damina guda.

Cuta ta fi gona wuyar sha'ani, shi ya sa Inna ta fi daɗewa a can. Ilmin likitanci ya tabbatar da cewa shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, a wasu lokuta ta kai ga jijiyoyin laka ta kashe su, kuma cikin kimanin yara 200 da suka kamu ɗaya ne ke shanyewa. Wannan adadi shi kansa ya bayyana ƙarfin tsohuwar fahimta, domin yara da yawa sun sha ruwa ɗaya, amma ɗaya ne ya kwana da zazzaɓi ya tashi ƙafa ba ta ɗaukarsa, kuma bayan shanyewar asibiti ba shi da maganin da zai dawo da ita. Uwar yaron ba tambayar yadda abin ya faru take yi ba, tambayarta ita ce me ya sa nata, kuma wannan tambaya ce da madubin likita ba ya amsawa. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, har Kano ta dawo da shi a 2004, ba tsoron Inna ne babban dalili ba, rashin yarda ne da hukuma da kuma mamakin yadda ake bin gida-gida da maganin cuta ɗaya kyauta alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na kashe yara ba magani a asibiti, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a binciken da ta yi a Zariya ta buga a 2010. Da sarakuna da malamai suka shiga aikin, aka kuma haɗa rigakafin da wasu magunguna, sai al'amari ya sauya, har aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga ainihin ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da tsohon tsari ya riƙe wanda bai kamata ya salwanta ba. Tesmoforiya da bori sun bai wa mata fagen da suke da murya da shugabanci, tsoron kurmin Demita da kukar iskoki kuma ya hana gatari taɓa itatuwan da yau ake sarewa a yi gawayi. Amma farashin da aka biya ya yi yawa, domin tsarin da ke fassara kowace masifa da fushin wata halitta yakan bar mutum cikin bashin da ba ya biyuwa, ya cinye akuyar talaka, ya jinkirta kai yaro asibiti, ya kuma sa a nemi mai laifi a cikin kishiya ko maƙwabciya. Imani da ƙaddara yana amsa tambayar uwar yaron ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, riƙon sababi kuma yana kare ƙanen yaron daga abin da ya sami wansa, kuma waɗannan biyu ba kishiyoyin juna ba ne a koyarwar malaman da aka ambata. Darajar mace da kiyaye itatuwa kuwa suna da madogara a cikin shari'a da hankali, ba sa buƙatar a jingina su ga tsoron iska.

Abin da tarihin Demita da Inna ya tabbatar shi ne abar bauta irin wannan ba ta rayuwa sai a inda mutum ya rasa ingantaccen sani game da Ubangijinsa, ko ya rasa sababin da zai kama da hannunsa, kuma sau da yawa rashi na biyu ne ke jawo na farko. Malamin da ke yaƙar shirka a kan mumbari, da mai binciken iri a Samaru, da ma'aikaciyar lafiya mai ɗiga rigakafi a bakin jariri, aiki ɗaya suke yi ko da ba su san juna ba, kuma duk ranar da taki ya gagari manomi ko magani ya gagari majinyaci, to an sake buɗe wa Inna ƙofar da aka daɗe da rufewa. Don haka hukumar da ke son tauhidin jama'arta ya tsarkaka, wajibi ne ta haɗa wa'azi da ruwan sha mai tsabta, da asibiti mai magani, da iri da taki a farashin da talaka zai iya saye.